Dalmar Babana

Babana Tanimu a Panteka yake,
shekara talatin da ɗaya yana fasa batir,
yana narka dalma a tsohon kaskon ƙarfe,
tafinsa ya yi kanta, farcensa baƙi ƙirin.
In an jawo motar da ta yi karo a hanyar Kachiya
ba ya tambayar direba.
Sau biyu yake zagaya ta,
ya shafa inda ƙarfe ya lotsa, ya ce:
"Wannan gudu yake, wancan kwana ya sha,
a kafaɗa suka haɗu, ba gaba da gaba ba."
Tarkace ba ya ƙarya, in ka iya karantawa.

Sana'arsa na gada, shi bai sani ba.
Ƙarfe biyun dare a ɗakin haya a Malali,
an ɗauke wuta, sauro na kiɗa a kunne,
kwamfuta a cinyata, cajinta saura kaɗan,
ina bin sawun karon da aka yi a wata ƙasa,
cikin rami mai zagaye ƙarƙashin gonakin Turawa,
ramin da in ka miƙe shi daga Kawo
zai bar Rigachikun a baya, yana ta tafiya.

Dalma suke harbawa, Baba. Irin taka.
Sun tuɓe mata riga, sun bar ƙwayar ciki,
suka koro biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta can,
kowace na shafar diddigen haske,
har gudu ya baje su kamar faifai,
sai gware.

A ɗigon nan zafi yake tashi
wanda cikin rana, a gefensa, ruwan randa ne.
Kwak, 'yan ƙananan da ba a taɓa kama ɗaya shi kaɗai ba,
kullum bibbiyu, kullum uku-uku, a ɗaure,
sai ɗaurin ya saki,
su kwarara tare kamar abin da ke cikin kaskonka.
Ba ya daɗewa.
Ƙiftawar ido, in an gwada da shi, zamani ce.
Ya huce, ya daskare, ya watse,
fayon, kayon, da wasu masu sunan da harshe ke tuntuɓe,
dubbai, kowane da layinsa a allona,
wani ya lanƙwasa dama, wani hagu,
ni kuma ina ƙirgawa.

Ran Juma'a na kai masa abinci rumfa,
na ba shi labari yana wanke hannu da kananzir.
Ya ce, "Hansatu, tsaya.
Mota biyu in sun haɗu, biyu ake kwashewa,
har da ragi, don gilas ba ya tattaruwa.
Ke kin ce biyu sun shiga, dubu sun fito.
Rarar daga ina?"

Na ce, daga gudun, Baba.
Gudun ne ya rasa wurin zuwa, ya zama jiki.

Ya yi shiru. Ilu na can yana dukan bodi,
mai rake ya wuce, tarin nan nasa ya taso,
wanda likita ya ce hayaƙin kasko ne.
Da ya lafa ya ce,
"Na daɗe ina tambayar kaina
ina gudu yake zuwa in mota ta tsaya cak."

Sai ya ɗago kai:
"Mutum nawa ke ciki?"
Ba kowa, Baba.
"Ko kwandasta?"
Ko kaza.
"To wannan karo ne mai albarka.
Nawa duk da jini ake kawo su."

Ya laluba ƙarƙashin benci,
ya ɗauko curin dalma kamar ƙwan zabo,
ya danƙa mini.
Yana nan kan takarduna, yana danne su in fanka ta tashi,
toka-toka, sanyi ƙalau,
nauyinsa ya fi girmansa,
ko kaɗan bai nuna abin da ke cikinsa ba.